Zangon da Aka Tasa, da Iyakar Hannun Hukuma

Duk inda Bahaushe ya sauke kaya a ƙasar da ba ta kakanninsa ba, sunan wurin zango. Akwai shi a Kumasi, akwai shi a Akra da Lome da Kwatano, mu ma a nan Wagadugu namu shi ne Zangwetin, wanda ko a bakin Mosawa kalmarmu ce ta zama tushen sunansa. Tun kafin sojojin Faransa su shigo wannan gari a 1896 fataken Hausa ke ratsa ƙasar Mosawa a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, suna komowa da goro. Wasu suka wuce, wasu suka zauna, mu ne jikokin waɗanda suka zauna.

Abin da ya kamata mu lura da shi game da zango shi ne, babu wanda aka taɓa korowa cikinsa da bulala. Kowa da ƙafarsa ya zo. Sarkin ƙasa yakan ba da wurin zama da aminci, a kai masa gaisuwa, daga nan ya janye hannunsa. Sauran al'amura kuwa, wa zai sauki baƙo, wa zai tsaya masa a ciniki, wa zai raba gardamar bashi, wa zai wanke gawar wanda ya rasu nesa da danginsa, duk mutanen zango ne ke yi wa kansu, ta hannun mai gida da liman da sarkin zango. Ɗan kasuwa zai bar dukiyarsa a hannun mai masaukinsa ya yi tafiyar wata uku, ba takarda ba hatimi, ya komo ya tarar da lissafinsa cif. Ba waliyyai ba ne kakannin namu. Sun dai san cewa wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Salaga da Kano. Wannan tsari ya rayu ne domin akwai wata iyaka da mai mulki ba ya tsallakewa, ko da ba a rubuta ta ba.

A kan wannan iyakar muke son mu yi magana, domin mu ba a littafi muka fara sanin ranar da aka tsallake ta ba.

A 2001, zamanin mulkin Blaise Compaoré, labari ya fito fili cewa gwamnati za ta faɗaɗa shirin nan na ZACA, wato mayar da tsakiyar birni yankin kasuwanci da ofisoshi. Filin da aka shata ya kai hekta 85, mutanen da ke zaune a cikinsa kuma kimanin 12,500. Zangwetin na ciki, haka Tiedpalogo da Peuloghin, da ɓangarorin Koulouba da Kamsaoghin. An yi taruka, an yi ƙorafi, an yi addu'o'i a masallatai, dattawa sun yi ta kai da kawowa. Daga ƙarshen 2003 aka shiga rusau, kafin shekara ta gaba ta yi nisa unguwar ta zama fili. Aka ware wa jama'a wuraren komawa a gefen Ouaga 2000 can kudu, da Nioko can gabas. A cikin wannan shekara ta 2003, a watan Mayu, babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba ta sake buɗewa ba sai 2009. Wanda ke da shago a kasuwa da gida a Zangwetin, cikin ƴan watanni ya wayi gari ba wurin nema, ba wurin kwana.

Adalci ne mu faɗi hujjar hukuma yadda take, don ba ƙarya ce zalla ba. Unguwar ta cunkushe. Lunguna sun yi ƙunci, magudanan ruwa sun toshe, da damina wasu gidajen laka sai an tokare su. Babban birnin ƙasa yana son fuska, kuma ga titin Kwame Nkrumah da benayensa a maƙwabtaka, ga filin jirgin sama a kusa. Masu gida kuma an biya su diyya, ba korar kare aka yi musu ba. Duk wannan haka yake. Tambayar da ta rage ita ce: ko kyawun niyya da biyan kuɗi sun isa su ba hukuma damar ɗauke mutum daga gidan da aka binne cibiyarsa, ta miƙa wurin ga wanda ya fi shi kuɗin gina bene?

Akwai wasu masana a ƙasashen Turai da Amurka da suka ɓata rayuwarsu a kan wannan tambaya. Ana kiransu libatariyan, ma'ana masu ra'ayin cewa ƴancin mutum a kan kansa da dukiyarsa shi ne asali, ikon gwamnati kuwa aro ne, kuma a taƙaice ya kamata ya tsaya. Kakansu a wannan tunani Baturen Ingila ne, John Locke, wanda a ƙarshen ƙarni na 17 ya ce mutane sun kafa hukuma ne domin ta tsare musu rai da ƴanci da dukiya, saboda haka hukumar da ta koma cin abin da aka ba ta tsaro ta warware dalilin samuwarta. Wani Ba'amurke, Robert Nozick, ya kai maganar ƙarshenta a 1974, inda ya ce aikin gwamnati bai wuce na mai gadi ba: ta hana kisa da sata da zamba, ta tilasta cika alkawari, shi ke nan.

Amma wanda maganarsa ta fi shigar mu shi ne Bafaranshen nan Frédéric Bastiat. A 1850 ya yi bayanin cewa kowane aikin hukuma yana da fuska biyu, wadda ido ke gani da wadda ba ya gani, kuma mai mulki yakan yi lissafi da ta farko kaɗai. A ZACA abin da ido ke gani shi ne taswira mai kyau, tituna miƙaƙƙu, benaye masu gilashi. Abin da ba ya gani kuwa ba shi da gurbi a takardar diyya. An auna fili da mita, an ƙirga bulo da kwano da ƙyaure. Ba a auna tsohuwar da ke sayar da tuwo a ƙofar gida shekara talatin ba, wadda jarinta na gaskiya ba tukunya ba ce, masu wucewa ne da suka saba da hannunta. Ba a auna mahaucin da ke ba da nama bashi har ƙarshen wata don ya san gidan kowa ba, ko wanzamin da ya yi wa uba kaciya ya yi wa ɗa, ko adashin matan layi ɗaya da ke tsayawa a kan cewa kowace tana ganin ƙofar kowace. Makarantar allo da ke zaure, malami yana nan, alluna suna nan, amma almajiransa sun watsu unguwa biyar. Dattijon da ke takawa da ƙafa zuwa babban masallaci da kasuwa ya koma mai jiran wanda zai ɗauke shi a babur, kuma a ranar da babu kuɗin mai, babu fita. Ɗan haya kuwa, wanda a gidaje da yawa ya fi masu gidan yawa, sunansa ba ya kan takardar fili, don haka lissafin ya bi ta kansa ya wuce.

Akwai kuma wata asara da mu kaɗai za mu iya faɗin nauyinta. A Zangwetin yaro ba ya koyon Hausa, shaƙarta yake yi. A layi, a wurin ɗiban ruwa, a wasan dare, a faɗan yara, har ƴaƴan Mosawa da Yarabawa da Fulani da ke unguwar da ita suke tashi. Yau jikokinmu da yawa suna jin Hausa amma da Moore ko Faransanci suke amsawa. Ba mu ga laifin Moore ba, harshen maƙwabtanmu ne kuma na iyayen wasunmu mata. Sai dai harshen ƴan tsiraru ba ya rayuwa a cikin ɗaki ɗaya, yana bukatar layi. Babu dokar da ta hana mu magana da harshenmu, babu jami'in da ya yi nufin kashe shi. Layin kawai aka ɗauke.

Friedrich Hayek, masanin tattalin arziki ɗan asalin Ostiriya, ya rubuta a 1945 cewa ilimin da al'umma ke tafiya da shi a warwatse yake cikin kawunan dubban mutane, kuma babu ofishin da zai iya tattara shi wuri ɗaya ya tsara rayuwa da shi. Mu da karin magana muka gaji wannan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shaida kuwa ta zo da kanta. Bayan an tashe mu, shekaru suka yi ta wucewa mafi yawan filin yana nan fayau, ciyawa da ƙura, wasu wuraren yara na buga ƙwallo, wasu an mayar da su wurin ajiye motoci. Benaye sun taso daga baya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Da yawa daga cikin tsofaffin da aka ce su yi sauri su kwashe kaya sun rasu ba su ga abin da aka tashe su dominsa ba.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A 1977 aka rushe zangon Lome aka mayar da mutanensa bayan gari. A Amurka ma, inda ake tinƙaho da ƴancin mallaka, kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2005, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa birnin New London yana da ikon karɓe gidan wata mata mai suna Susette Kelo da na maƙwabtanta ya ba masu zuba jari. Aka rushe gidajen unguwar, shirin bai tabbata ba, fili ya zauna shekaru babu komai. Bambancin kawai shi ne, can hukuncin ya tayar da ƙura har jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu don ɗaure hannun hukuma.

To, daga ina hukumarmu ta sami wannan dogon hannu? A nan dole mu taɓa sunan da yawancinmu ke girmamawa. A watan Agusta na 1984, watan da aka sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, gwamnatin Thomas Sankara ta kafa dokar sake tsarin ƙasa da filaye, wadda ta mayar da duk ƙasar Burkina mallakar gwamnati. Manufar ita ce a karya ƙarfin masu tara filaye, a ba talaka wurin zama, kuma hakika an raba filaye masu yawa a wancan zamani. A 1985 aka ce an yafe kuɗin hayar gidajen zama na shekara guda. Ɗan haya ya yi murna, amma a unguwanni irin tamu akwai gwauruwar da ɗakuna uku na haya su ne gonarta, ita ba wanda ya tambaye ta. A wannan zamani ne kuma aka rushe Bilibambili aka gina Cité An III a wurin. Ba muna tuhumar zuciyar Sankara ba ne, mutumin da ya mutu bai tara komai ba. Abin da muke nunawa shi ne, an kashe shi a 1987, dokar kuwa ta ci gaba da rayuwa, ana yi mata kwaskwarima, tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ikon da aka ƙera domin talaka, bayan shekara 19 shi ne ya share wa masu bene fili. Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da masu ra'ayin taƙaita hukuma ke da ita, kuma ba mu ga yadda za a kauce mata ba: duk sandar da ka miƙa wa sarkin da kake so, magajinsa ne zai gaje ta. Sarki goma, zamani goma.

Ba sai mun je Landan ko Paris ba kafin mu sami wannan tunani. Malamanmu suna ba da labarin Sayyidina Umar lokacin da ya so faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas ɗan Abdul Muɗɗalib kuma ya tare wurin. Umar ya nemi ya saya, Abbas ya ƙi. Halifa ne, masallacin Annabi ne, babu amfanin jama'a da ya wuce wannan, amma bai aika a rushe ba. Suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'ab, hukunci ya ba Abbas gaskiya. Sai bayan nan Abbas ya ba da gidan sadaka don ransa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera al'adun sarakunan zamaninsa da ya ƙi, ciki har da jangali da kuɗin gari, da ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da cinye dukiyar wanda ya rasu. Kusan duk abin da ya lissafa a wannan babi, hannun mai mulki ne da ya shiga inda ba a ba shi ba. Kakanninmu na nan ma sun ɗanɗana nasu a hannun Faransawa, da harajin kai da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

Duk da haka ba za mu bi waɗannan masana har ƙarshen hanyarsu ba. Mutumin da suke zanawa, wanda ke tsaye shi kaɗai da dukiyarsa, ba mu san shi a zango ba. Abin da aka rushe mana ba dukiyar mutum ɗaya ba ce, zaman tare ne, kuma ma'auninsu na haƙƙin mallaka ba ya kama wannan. Mai takarda yake karewa. Da a ce masu gidajen Zangwetin ne suka sayar da kansu ɗaya bayan ɗaya ga mai kuɗi, da ɗan haya da mai tuwo sun watse kamar yadda suka watse, kuma Nozick ba zai ga an zalunci kowa ba. Sannan ba hukuma kaɗai ke danne mutum ba. Yarinyar da aka ɗaura wa aure da wanda ba ta so, ba jandarma ne ya tilasta ta ba, gida ne, kuma sau da yawa dokar gwamnati ce kaɗai ƙofar da ta rage mata. Zangon da muke kewa yana da nasa zaluncin, mun san wannan.

Ga kuma halin da ƙasarmu ke ciki. Tun 2015 muke cikin yaƙi, kuma a 2023 ƙididdigar gwamnati ta nuna mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu. Wanda ya gudo daga yankin Djibo ko daga ƙauyukan gabas, ka ce masa matsalarsa yawan gwamnati ce, zai dube ka ne kawai. Shi rashinta ya kore shi. Inda hukuma ta janye ba ƴanci ne ke maye gurbinta ba, mai bindiga ne, shi kuma ba ya biyan diyya, ba a kai shi kotu. Mu ƴan tsiraru mun fi kowa sanin cewa muna bukatar hukuma mai ƙarfi. Mun kuma fi kowa sanin abin da ƙarfin nan ke yi idan ba shi da linzami: a 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka girgiza, mutanen da aka haifa a Kumasi suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ana ce mana baƙo raɓa ne. Raɓar da ta shekara ɗari a wuri ɗaya fa?

Saboda haka abin da muke nema ba ƙaramar hukuma ba ce kamar yadda Nozick ya so, hukuma ce da ke da wurin tsayawa, kuma wurin tsayawar a rubuce yake tun da daɗewa. Kundin tsarin mulki na 1991, a sashe na 15, ya tabbatar da haƙƙin mallaka, ya ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, da diyya ta adalci, kuma a biya kafin a karɓa in ba a halin gaggawa ba. A 2018 an yi doka ta musamman a kan karɓar filaye da biyan waɗanda abin ya shafa. Rigimar duk tana cikin kalmomi biyu, amfanin jama'a. Asibiti amfanin jama'a ne, haka hanya da magudanar ruwa da makaranta, kuma idan aka zo da irin wannan, wanda ya ƙi matsawa shi ne mai son kai. Amma otal da shagon gilashi na wani attajiri, jama'ar wa suke amfana? Idan hukuma ce ke son fili, ita ce ke fassara amfanin jama'a, ita ce ke yanke farashi, ita ce kuma ke sauraron ƙara, to Abbas bai sami Ubayyu ba. Kuma diyyar da ta ƙirga bulo ta manta da ɗan haya da mai sana'ar ƙofar gida, rabin diyya ce.

Akwai wani abu da ke hannunmu, wanda ba sai mun jira kowa ba. Gidaje da yawa na Hausawa a wannan gari har yanzu da sunan kakan da ya rasu tun tuni suke, ba a raba gado ba, ba a sauya takarda ba, magada sun kai talatin, wasu suna Abijan wasu suna Yamai. A lokacin ZACA irin waɗannan gidaje ne suka fi shan wahala, domin diyyar gida ɗaya da ta isa ta sayi fili ɗaya ba ta isa ta zaunar da iyali shida ba, kuma ƴan'uwa da yawa daga ranar ba su sake cin tuwo a kwano ɗaya ba. Amanar baki da ta riƙe zango shekaru aru-aru ba ta da daraja a gaban mai awon fili. Shi takarda yake tambaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasunmu da diyyar ba ta kai gare su ba, da ƴaƴan da suka tashi suka yi aure, yanzu suna zaune a unguwannin bayan gari da ba a yanka filayensu ba, waɗanda ake kira non-loti. Ɗaya daga cikinsu, can yammacin birni, sunanta ma Zongo. A irin waɗannan wurare mutum ya sayi wurinsa daga hannun masu ƙasa na gargajiya, ya gina ɗaki da bulon laka, ba ya zuba siminti da yawa don bai san ranar da za a zo ba. Idan an yi ƙidaya sai a rubuta lamba da fenti a jikin ƙofa ko bango. Mutane suna tsaron lambar nan fiye da yadda suke tsaron kwanon rufi, idan ruwan damina ya fara wanke ta sai su sayo fenti su bi sawunta.